Ciwo a Gaɓa, Tushe a Jini

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Ikara da Paki da Pala da Saulawa da Kurmin Kogi. Ina gaida na Makarfi da Gimi da Gazara da Gubuchi da Tashar Yari, haka na Kudan da Hunkuyi da Likoro. Masu saran rake, masu dafa mazarƙwaila, masu ban ruwan tumatir a fadama, masu lambun inabi a Kudan, sannunku da aiki, sannunku da sanyi.

Na ambaci sanyi da gangan, domin a irin wannan lokaci na hunturu babu kukan da ya kai na gaɓoɓi yawa a gidajenmu. Wannan gwiwa, wancan kwankwaso, wancan gadon baya. Mu kuwa suna ɗaya muke ba su duka: sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓɓai. Da yawa daga ciki hakan ne, gajiya ce da tsufa da wahalar noma. Amma akwai wani kaso da ciwon yake a gaɓa, alhali tushensa yana cikin jini. A kan wannan kaso za mu tattauna yau, don shi ne wanda muke ɓata wa lokaci a wurin mai ɗori da wanzami da kemis har ya fi ƙarfin magani.

Mai sauraro zai ce, ina ruwan jini da ƙashi? To, ka tuna ranar da aka dafa ƙashin sa a gidanku, aka fasa shi, yara suna rububin tsotse abin da ke ciki. Wannan ɓargo, a jikin mai rai, shi ne masana'antar jini. A can ake ƙera jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar numfashi, da fararen da ke yaƙi da cuta, da 'yan ƙananan da ke toshe rauni idan an yanke. A jikin babba, ɓargon da ke wannan aiki ya fi yawa a ƙashin ƙugu da ƙashin baya da haƙarƙari da ƙirji. A jikin jariri kuwa kusan kowane ƙashi yana yi, har 'yan ƙasusuwan tafin hannu da na ƙafa. Ashe jini da ƙashi gida ɗaya suke. Wutar da ta kama ɗakin ɗaya ba za ta bar na ɗayan ba.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani, amosanin jini, wato sikila.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan lalura a duniya. Ƙiyasin da aka daɗe ana kawowa shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta, wanda ake ce wa AS, ba tare da yana ciwo ba. A shekarun 1970 an yi wani babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa yanzu, wanda Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka wallafa a 1979. Sun tarar kusan jarirai 2 cikin kowane 100 ana haihuwarsu da sikila, amma da suka duba yaran da suka tasa, da ƙyar suke samun mai ita. Sun rasu tun suna ƙanana, ba tare da an san sunan abin da ya ɗauke su ba. Iyayenmu mata da yawa da aka riƙa ce musu masu wabi, Allah kaɗai ya san nawa ne cikinsu wannan ce matsalar. Yau alhamdu lillahi yaran suna rayuwa, suna karatu, suna aure. Sai dai tsawon ran ya zo da nasa nauyin, kuma a kan ƙashi da gaɓa yake sauka.

Lafiyayyar ƙwayar jini kewayayya ce, mai laushi, tana lanƙwasa ta wuce ta siririyar jijiya, tana kuma yin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila, idan ta gamu da sanyi ko ƙishirwa ko zazzaɓi ko gajiya, sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta riƙa maƙalewa, kuma kwana 10 zuwa 20 kawai take yi ta mutu. Kai mai noman rani ka fi kowa gane wannan. Idan karmami ya toshe hanyar ruwa, fangalin da ke gaba ba zai sha ba, kafin ka ankara shuka ta yi yaushi. Haka ƙashi yake yi idan jini ya daina isa gare shi, kuma zafin da ke biyo baya, waɗanda suka ɗanɗana suna cewa kamar ana sara ƙashin da gatari daga ciki.

Iyayena mata, ga alamar farko, ku riƙe ta da kyau. Jariri ɗan wata shida zuwa shekara biyu, ya wayi gari bayan hannunsa ko bayan ƙafarsa ya kumbura sumul, da ɗumi, 'yan yatsun sun yi ɓul-ɓul, ko taɓawa aka yi sai ya callara ƙara, ya ƙi nono. Kakarsa ta ce an goya shi ba daidai ba ne, ya yi targaɗe. Wata ta ce kunama ce ko wani ƙwaro. A kai shi a murza, a ja 'yan yatsun, a shafa magani. Bayan mako guda kumburin ya saɓe da kansa, sai a ce maganin ya yi. Wannan kumburi sau da yawa shi ne sallamar farko da sikila take yi wa gida. Yaron da aka gane shi a wannan mataki, aka yi masa gwajin jinotaif, aka sa shi a layin asibiti yana karɓar folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da alluran rigakafinsa cikakku, yana kwana cikin gidan sauro, ya sha gaban wanda sai ya shekara biyar ana yawo da shi.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin shi ne abin da ke gurgunta samarinmu da 'yan matanmu a ɓoye. Kan ƙashin cinya, wanda ke shiga cikin kwarmin ƙugu, dunƙulalle ne kamar ƙwallo, kuma 'yan jijiyoyin da ke kai masa jini kaɗan ne. Idan suka toshe, ƙwallon yakan mutu a hankali, ya ruɓe daga ciki, sannan nauyin jiki ya murƙushe shi. Abin ba ya zuwa da hayaniya. Yarinya 'yar shekara 15 za ta ce matsematsinta na ciwo idan ta yi tafiya zuwa makaranta. Wani lokaci ma a gwiwa za ta ji shi, a yi ta shafa wa gwiwa man zafi alhali ɓarnar tana sama. Sannu a hankali zaman tahiya ya gagare ta, tsugunno ya zama aiki, hawa babur sai an ɗaga mata ƙafa. Daga nan ɗingishi, daga nan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Na taɓa zama kusa da wani saurayi a layin ganin likita. Tela ne, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Ya ce mini shekara uku yana jin ciwon, yana ɗauka irin ciwon sikilarsa ne na yau da gobe, yana haɗiyar ƙwaya yana taka keke. Da ya miƙe zai shiga, sai da ya dafa bango da hannu biyu, ya jawo ƙafar hagu kamar ba tasa ba. Hoton ƙashin da ke hannunsa ya nuna kan cinyar ya baje. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi a hankali, kamar da kansa yake: da an gaya mini tun farko.

To, ga shi ina gaya muku. Ciwon sikila na yau da gobe yakan zo ya tafi cikin kwanaki. Ciwon da ya zauna wuri ɗaya a ƙugu ko kafaɗa, mako da makonni, yana ƙaruwa da tafiya, wani abu ne dabam. Idan aka zo da wuri, likita zai iya hana a ɗora wa ƙafar nauyi, ya ba da sandunan dogarawa, ya tura sashen gashin ƙashi, wani lokaci a yi ƙaramin aiki a huda ƙashin don a rage masa matsi. A farkon ciwon hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa kamar lafiya lau, shi ya sa likita kan nemi hoton MRI, kada ku ɗauka son kashe muku kuɗi ne. Idan kuwa aka bari ƙwallon ya murƙushe, abin da ya rage shi ne a cire shi a sa na ƙarfe. Ana yin wannan aiki a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, amma kuɗinsa ba na manomin da ke jiran kakar rake ba ne.

Akwai kuma ƙwayar cuta da kan shiga ƙashin mai sikila ta yi mugunya a ciki, kuma sau da yawa 'yar gidan su taifot ce, wadda ake kira salmonela. Alamarta zazzaɓi mai naci da kumburi mai zafi a wuri guda, wanda maganin ciwo ba ya taɓa shi. Wannan ba ƙurjin da za a yi wa sakiya ba ne. Magani yake so na makonni a hannun likita, wani lokaci har da tiyata. Duk mai sikilar da jikinsa ya yi zafi sosai, a ranar ake kai shi asibiti, ba a jira gobe.

Ina da magana da masu sayar da magani da masu yin allura a gida, kuma da girmamawa nake yin ta, don na san sau da yawa tausayi ne ke sa ku. Allurar pentazosin tana kwantar da ciwo, gaskiya ne. Amma idan aka mayar da ita abin yi kullum a cinya da ɗuwawu da damtse, naman wurin yakan ƙandare ya zama kamar itace, gyambo ya ɓarke, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, mutum kuma ya kasa rabuwa da allurar. Likitocin jini a ƙasar nan sun sha ganin matasan da sikila ba ta gurgunta su ba, allura ta gurgunta su. Kuma don Allah, iyaye da ma'aikatan lafiya, kada mu kalli waɗannan yara a matsayin 'yan ƙwaya. Azaba ce ta kora su can. Abin da suke bukata shi ne a kula da ciwonsu yadda ya kamata a asibiti, a kuma duba ko za a ɗora su a kan haidroksiyuriya, maganin da aka tabbatar yana rage yawan tashin ciwon, wanda likita ne ke ba da shi yana bibiyar jini.

A gida kuwa, idan ciwo ya fara: ruwa mai yawa, bargo, tsumma mai ɗumi a kan wurin, farasitamol daidai awo. Kada a sa ƙanƙara. Kada a tura mai sikila ban ruwa da asuba cikin wannan hunturu, ƙafarsa cikin ruwan sanyi.

Maganar gwaji kafin aure kun sha ji. Zan ƙara abu ɗaya kawai da ake yawan kuskurewa. Idan AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da sikila ba, a ce an haifi ɗaya an huta. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya bisa huɗu. Kuma rukunin jini na A da B da O dabam yake da jinotaif na AA da AS da SS. A tabbatar wanda ake nema shi aka gwada.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ciwon gaɓoɓi da ƙashi wanda asalinsa daga jini yake.

Lalura ta biyu ba ta kai sikila yawa ba, amma rashin saninta ya fi yawa. Sunanta himofiliya, wato rashin daskarewar jini. Akwai sinadarai a jini da ke haɗuwa su sa shi ya daskare idan an ji rauni, likitoci sun ba su lambobi. Wanda aka haifa ba shi da isasshen na 8 ko na 9, jininsa zai yi ta tsiyaya. Nau'in da ya fi yawa yana samun kusan ɗa namiji 1 cikin 5,000. Ku lissafa yawan mazan da ke ƙananan hukumomin nan uku na Ikara da Makarfi da Kudan, za ku ga ba za a rasa su a cikinmu ba, ko da ba a taɓa kiran sunan cutar a garinku ba.

Maza take kamawa galibi, amma ta wajen uwa take biyowa. Uwar tana ɗauke da ita lafiyarta ƙalau, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da rabi da rabi. Don haka tambayar da za a yi a dangin uwa take: cikin kawunnan yaron, akwai wanda jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya? Akwai wanda ya rasu a haka? Wani lokaci kuma takan ɓulla a gidan da ba a taɓa ganin ta ba.

Mutane suna ɗauka mai wannan lalura a waje yake zubar da jini. Mafi yawan zubar a ciki take, cikin gaɓa: gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu. Yaro ya fara tafiya, ya ɗan faɗi faɗuwar da ba ta kai a ce sannu ba, da yamma gwiwa ta cika tim, da zafi, ya ƙi miƙe ta. Me muke yi? Mu ɗauke shi sai gidan mai ɗori. A ja, a murza, a ɗaure da karare. Idan kumburin ya ƙi, a ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Jama'a, ku duba wannan da idon basira: yaron da jininsa ba ya tsayawa, an murza masa jijiyar da ke zuba, sannan an sa masa aska. Ina roƙon sarakunan aska da masu ɗori na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ku da jama'a suka yarda da ku tun kaka da kakanni, ku ne za ku fi kowa ceton waɗannan yara. Gwiwar da ke kumbura tana saɓewa tana sake kumbura ba tare da karaya ba, ku ce a tafi asibiti. Kafin kaciya, kafin cire beli, ku tambayi tarihin dangin uwa. Jaririn da cibiyarsa ta daɗe tana tsattsafar jini, ko wurin allura ya yi masa ƙullutu baƙi, a dakata da aska tukuna.

Duk lokacin da jini ya taru a gaɓa, yana cin guringuntsin da ke sa ta santsi. Sau ɗaya, sau biyar, sau goma, sai gwiwar ta ƙandare a lanƙwashe, cinyar ta tsotse, yaro ɗan shekara 12 ya koma da gaɓar tsoho. Maganin shi ne a yi masa allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya, da wuri, cikin sa'o'in farko. Sashen kula da cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana ganin irin waɗannan yara, kuma akwai Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya da ke taimaka wa iyalai su san lalurar su kuma sami hanyar magani. Kafin a isa, a kwantar da gaɓar, a ɗaga ta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora. Kun ji bambancin: mai sikila ɗumi, mai himofiliya sanyi. Kada a ba shi asfirin ko dangoginsa, suna ƙara tsinka jini, kuma kada a yi masa allura a tsoka.

Yanzu zan shiga maganar da ba a son ji, amma rashin faɗinta ya fi cutarwa. Sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukimiya, tana kama yara, kuma nau'in da ya fi yawa a cikinsu ya fi zuwa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Miyagun ƙwayoyi ne ke hayayyafa a ɓargo, su cika shi maƙil, su hana shi ƙera jinin kirki. Cikar nan ita ke sa ƙashi ciwo. Yaron da ke guje-guje jiya, yau ya ce a ɗauke shi, ya ƙi taka ƙasa. Ciwon yakan tashe shi cikin dare, yau a wannan ƙafa, gobe a waccan. Uwa ta buɗe idonsa ta ga ya yi fari fat, tafin hannu kamar takarda. Zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, an yi zagaye biyu an yi uku. Ga haɓo, ga jini a dasashi, ga tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da duka ba, ga ƙaluluwa a wuya da hammata, ciki ya ɗan taso. Ba lalle su haɗu duka ba. Ciwon ƙashi da ɗashewa da zazzaɓi mai naci sun isa a nemi gwaji.

A nan ne haɗin kemis yake yin mummunar ɓarna. Cikin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce na sanyin ƙashi ne, sau da yawa akwai firednisolon ko dekzametason. Waɗannan suna kashe wani sashe na miyagun ƙwayoyin na ɗan lokaci. Yaro ya miƙe, ya ci abinci, gida ya yi murna. Bayan makonni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kuma idan aka je asibiti gwajin yakan rikice, maganin gaskiya ya ƙara wuya. A ƙasashen da ake gano cutar da wuri kuma magani ya wadata, kusan yara 9 cikin 10 masu wannan nau'i suna tsira. Mu a nan ba mu kai can ba, kuma babban abin da ke cin mu shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya. Tsada gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Amma jinkirin wata uku a gida ba ya rage tsadar, ƙara ta yake yi.

Su ma manya suna da tasu. Akwai sankarar ɓargo da ake kira mayeloma, wadda ta fi kama masu shekara 50 zuwa sama, kuma bincike a Amurka ya nuna ta fi yawa ninki biyu a baƙar fata. Ita cin ƙashi take yi, kamar yadda gara ke cin azara: daga waje lafiya, ciki duk rami. Baba zai ce bayansa na ciwo, kowa ya ce shekaru ne da noma. Amma ciwon baya na gajiya yakan lafa idan an huta. Wannan ba ya lafawa, wata da watanni, ga rama, ga kasala, ga ƙarancin jini, ga yawan ƙishirwa da taurin bayan gida, fitsari yana kumfa. Ran nan ya sunkuya zai ɗaga buhun taki, ko ya yi tari mai ƙarfi, sai ƙashi ya karye. Karayar da ba ta da dalilin kirki a jikin dattijo, a yi hoto kafin a yi ɗori. Ku kuma sani cewa wannan cuta tana taɓa ƙoda, kuma diklofenak da ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa suna ƙarasa ƙodar. Idan kuwa mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba bai sani ba, laka ce aka danne. Wannan na sa'o'i ne, a nemi mota a daren. Tarin fuka na ƙashin baya ma yana zuwa da irin wannan kama, shi kuma maganinsa kyauta ne, to kun ga gwaji ne kaɗai zai raba gardama. Mayeloma ba a cika warkar da ita ɗungurungum ba, amma magani yana danne ta, ya sauƙaƙa ciwo, mutum ya ƙara shekaru cikin iyalinsa.

A taƙaice kuma, wasu cututtukan jini kan sa wani gishiri ya taru a gaɓa, babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja cikin dare ɗaya, ko zane ba ya son ya taɓa shi. Shi ma a gwada jini.

Wani zai ce, malam, duk ka tsorata mu, yanzu duk mai ciwon gwiwa sai ya tafi Shika? A'a. Fara da asibitin da ke kusa da kai, na Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, ko ƙaramin asibitin mazaɓarku. Abin da za ka nema gwaji ne na ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya, wanda ma'aikata ke kira FBC, ba awon yawan jini kaɗai ba, tare da jinotaif idan ba a taɓa yi ba. Idan sakamakon ya nuna wani abu, a ba ka takardar turawa zuwa Shika, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga wanda Kano ta fi masa sauƙi. Ka tafi da duk ledar magungunan da aka sha, kada ka ji kunyar nuna ta, likita yana bukatar sanin abin da ya shiga jikin. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka yi karatun kiwon lafiya a makarantar Shehu Idris ta Makarfi kuke aiki a ƙauyukan nan, ku ne idon farko. Yaron da ya dawo muku karo na uku da zazzaɓi da ciwon ƙafa, ku buɗe idonsa, ku taɓa cikinsa, ku duba wuyansa kafin ku sake rubuta maganin maleriya.

Maigida, na san lissafin da kake yi a zuci: kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, ga aikin gona ya tsaya. Na san kuma sau da yawa uwar yaron ta daɗe da ganin alamar, izini da kuɗin mota kawai take jira. Ka tambaya a asibiti yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kaduna, KADCHMA. Addu'a kuma ba ta hana gwaji, a haɗa su biyun.

Lokaci ya cim mana. Idan akwai yaro a gidanku da hannunsa ke kumbura, ko gwiwarsa ke cika tana saɓewa, ko ya daina tafiya ya ɗashe, ko dattijon da ciwon baya ya hana shi barci wata da watanni, don Allah kada kasuwa ta sake ci bai ga ma'aikacin lafiya ba. Idan kun je, ku ce a duba jininsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)